Akawun da Ba A Ɗaga Wa Gira

Shekara talatin ba ɗaya na yi akawu a Bajoga,
in majalisa ta zauna, biro na hannuna.
Na san kukan fankar zauren, na san kujera mai ɗingishi,
na san wanda tari ke sarƙewa in an zo batun kuɗi.
Su su faɗa, ni in rubuta.

Amma tsakanin baki da takarda akwai rami.
Ciyaman ya ɗaga gira, biro ya yi tuntuɓe.
"An tattauna cikin lumana," haka nake sawa
ranar da aka kusa ba hammata iska.
Takarda ta shiga fayil, fayil ya shiga kabad,
gara kaɗai ke zuwa ta karanta.

Mutanen gari sai dai su tsinta a teburin mai shayi,
labari ya kwana uku, ya jiƙa, ya kumbura,
har uwar da ta haife shi ba ta gane ɗanta.

Yanzu idona ya yi yana, fansho na tafe da sanda.
Ran wata Laraba jikata Nenne ta faɗo ɗaki
da waya a tafin hannu: "Kaka, kasa kunne.
An sa ƙirƙirarriyar basira a zaure,
ta ji zaman, ta tace, ta aiko wa kowa,
da Hausa ko Fulatanci, wanda ka zaɓa."
Na ce, "'Yar gidan wa ce? Wa ya ɗauke ta aiki?
Wa zai ɗaga mata gira?"
Nenne ta latsa, murya ta fita.

Wai an ware kuɗi a gina kwalba a Unguwar Maƙera.
Kwalbati ake nufi!
Mai niƙa sai da ya kashe inji don dariya.
Na ce, "Kun gani? Kunnen ƙarfe ke nan."
Kafin isha'i ga saƙo ya sake shigowa:
"Na ji ba daidai ba. Ga gyara. A gafarta."

Nan dariyata ta maƙale.
Ni wa na taɓa ce wa haka?

Nenne ta tambaye ta, "Sau nawa aka yi wannan alkawari?"
Ta ce, "Huɗu, a takardun da aka ba ni,"
ta jero su da rana da wata,
kowanne da jela iri ɗaya: bayan damina.
Biyu daga ciki da hannuna na zana su.
Na juya fuska bango kamar mai neman buta.

Ta kuma ce zama na gaba Talata, ƙarfe goma,
kuma ƙofar zaure ta kowa ce.
Wannan na san shi tun ina da baƙin gashi,
ban taɓa faɗa wa ko maƙwabcina ba.
Ran Talata benci ya kasa:
maƙera, mai niƙa da gari a gemu,
Goggo Adda da ruwa ya ci katangarta.

Kansila Bappayo ya miƙe, ya ce, "Bayan..."
Sai ya haɗa ido da Goggo.
Na'ura ta ce an yi shiru na daƙiƙa tara.
Gaskiyarta, tara ne.
Amma ba ta ji ƙafarsa na kaɗa teburi ba,
ba ta san nauyin shirun tsohuwa ba
da ta kwana tana kwalfe ɗaki da ƙwaryarta.

Kwalbati dai har yau babu.
Tifa ɗaya ta zube yashi, awaki na kwana a kai.
Ni kuwa na ce, "Nenne, nemo biro, zauna kusa.
Abin da aka faɗa, na'ura ta riƙe.
Abin da na binne shekara talatin ba ɗaya,
ni in faɗa, ke ki rubuta."